'Whenever', 'until', 'unless': Ƙananan kalmomin Turanci da ke riƙe da akalar takardun gwamnati

Ranar 23 ga Nuwamba, 2009, aka ɗauki Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa birnin Jidda na ƙasar Saudiyya domin neman magani. Ya tafi bai aika wa Majalisar Tarayya wasiƙar miƙa ragamar mulki ga mataimakinsa ba. Daga wannan rana har zuwa 9 ga Fabrairu, 2010, kwana 78 ke nan, shugaba na kwance a asibitin ƙasar waje, mataimakinsa Goodluck Jonathan kuma na zaune a Abuja ba tare da cikakken ikon zartarwa ba. Al'amura suka yi ta taruwa suna jiran hannun da zai sa musu albarka. A ƙarshen Disamba, da lokacin rantsar da sabon Alƙalin Alƙalan ƙasa, Aloysius Katsina-Alu, ya yi, sai wanda zai sauka daga kujerar, Idris Legbo Kutigi, ne ya rantsar da shi.

An yi ta taƙaddama a kotuna da zauren majalisa da shafukan jaridu, kuma tushen taƙaddamar kalma ɗaya ce ta Turanci da ta buɗe sashe na 145 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wato "whenever". Abin da sashen ya tanada a wancan lokaci shi ne, duk lokacin da shugaban ƙasa ya aika wa Shugaban Majalisar Dattawa da Kakakin Majalisar Wakilai takardar cewa zai tafi hutu, ko kuwa ba zai iya gudanar da aikinsa ba, to mataimakinsa ne zai riƙe ofis a matsayin muƙaddashi, har sai shugaban ya sake aiko da wata takardar cewa ya dawo.

Wanda ya karanta sashen a gurguje zai ɗauka an umarci shugaba ya rubuta wasiƙa. Wanda ya karanta shi da natsuwa zai ga babu inda aka yi wannan umarni. An dai faɗi abin da zai faru idan ya rubuta, aka yi shiru game da abin da zai faru idan bai rubuta ba. A ƙarshen Janairu 2010, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Dan Abutu, ta yanke hukuncin cewa sashen bai wajabta wa shugaba aika wasiƙar ba. Daga bisani majalisun biyu suka fake da hujjar lalura, suka ɗauki hirar da shugaban ya yi da BBC daga gadon jinya a matsayin sanarwa, suka ayyana Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa.

Wannan tarihi ne da kusan kowane ma'aikacin tarayya ya sani. Abin da ba kasafai ake kula da shi ba shi ne, darasin nahawu ne tsantsa, kuma irinsa na faruwa kullum a kan tebura a Sakatariyar Tarayya, a cikin takardun da ba wanda zai kai su kotu amma suke yanke wa mutane hukunci kan alawus da ƙarin girma da kuɗin kwangila.

Jimla mai ubangida da bara

Masana nahawun Hausa na kiran yankin jimla mai ɗauke da aikatau da suna ganga. Akwai ganga tsayayya, wadda ke ba da cikakkiyar ma'ana ita kaɗai, kamar "za a biya albashi". Akwai kuma ganga dogarau, wadda ba ta tsayuwa sai ta jingina da wata, kamar "idan an saki kuɗi". Kalmar da ke zuwa a bakin ganga ta mayar da ita dogarau ita ce Turawa ke kira "subordinating conjunction", wato mahaɗin dogaro. Daga cikinsu akwai "if", "unless", "until", "when", "whenever", "although", "because", "since", "while", "before", "after", "as soon as" da "provided that". Hausa na da takwarorinsu: idan, sai dai idan, har sai, duk lokacin da, ko da yake, saboda, tunda, kafin, bayan, da zarar, muddin.

Sun bambanta da irin su "and", "but" da "or", waɗanda ke haɗa abubuwa biyu masu daraja ɗaya. Mahaɗin dogaro yana raba daraja ne: yana mayar da ganga ɗaya ubangida, ɗayar kuma bara. Umarni, ko alƙawari, ko hukunci, yana zaune a ganga tsayayya. Abin da aka saka a ganga dogarau kuwa sharaɗi ne, ko lokaci, ko dalili, ko uzuri. Saboda haka duk wanda ya ajiye wani aiki a bayan "if" ko "whenever", bai ce a yi shi ba, kuma bai ɗora wa kowa alhakinsa ba.

Nan ne masu rubuta sashe na 145 suka bar ɓaraka. Sun rubuta "whenever the President transmits", suka saka aika wasiƙar a cikin ganga dogarau. Kalmar wajabci, "shall", ta faɗa ne a kan mataimaki, a ganga tsayayya.

Yadda aka toshe ɓarakar

Gyaran da Majalisar Tarayya ta yi wa kundin a 2010 bai taɓa kalmar "whenever" ba. Abin da ya sauya shi ne abin da ke biye da ita. A sabon tsari, tafiya hutu ko gazawar shugaba ne suka koma sharaɗi, aika wasiƙa kuma ya koma ganga tsayayya da lafazin "he shall transmit". An ciro aikin daga inda yake zaman zaɓi aka kai shi inda yake zaman dole. Sannan aka ƙara wani ƙaramin sashe da ya ce idan shugaba ya kasa ko ya ƙi aika wasiƙar cikin kwana 21, Majalisar Tarayya za ta ba mataimaki ikon riƙon ƙwarya da ƙuri'ar mafi rinjaye a kowane zaure.

An ga amfanin gyaran a 2017, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya tafi Landan jinya a watan Janairu bayan ya aika wa majalisa wasiƙa, Yemi Osinbajo ya zama muƙaddashi. A wannan karon "until" ce ta nuna ƙarfinta. Buhari ya dawo ƙasar ranar Juma'a 10 ga Maris, amma saukar jirginsa ba ta mayar masa da iko ba. Sai ranar Litinin 13 ga wata, da ya aika takardar komawa aiki, wa'adin riƙon ƙwaryar ya ƙare, domin sashen ya ɗaura ƙarshensa ne a kan takarda, ba a kan dawowa ba.

Darasin ga mai rubuta takardar umarni a ma'aikata a bayyane yake. Jimlar da ta ce "When a director submits his handover note, his deputy shall take charge" ta maimaita kuskuren 1999 daidai wa daida, don ba ta tilasta wa daraktan rubuta komai ba. Wadda ta ce "When a director is proceeding on leave, he shall submit a handover note" ita ce ta ɗora nauyi inda ya kamata.

Inda Hausa ke leƙowa cikin Turanci

Turanci ne harshen aikin gwamnatin tarayya, amma mafi yawan masu rubuta shi da wani harshen suke tunani. Ga wanda Hausa ce harshensa na farko, akwai wurare sanannu da tsarin harsunan biyu ke karo.

Na farko shi ne "idan". Bahaushe kan ce "idan gari ya waye", alhali babu shakka zai waye, ya kuma ce "idan na samu hali", alhali wataƙila ba zai samu ba. Kalma ɗaya ke ɗaukar tabbas da shakka, mai sauraro ne ke rarrabewa. Turanci ya raba su gida biyu: "when" ga abin da ake da yaƙinin zai faru, "if" ga wanda ba a sani ba. Hadimin da ya rubuta wa ɗan kwangila "When the Minister approves, you will be paid" ya riga ya yi alƙawari da bakin maigidansa cewa amincewa na tafe. Da ya rubuta "If the Minister approves", da ya bar wa ministan damarsa ta ƙi. Takardar farko tana iya dawowa wata rana a hannun lauya.

Na biyu shi ne "sai". A Hausa ana cewa "ba za a biya ba sai an kawo rahoto", kuma wannan "sai" tana iya zama "until", tana iya zama "unless". Bambancinsu ba ƙarami ba ne. "The allowance will not be paid until the report is submitted" magana ce ta lokaci: haƙƙin na nan ajiye, ranar da rahoto ya zo za a biya. "The allowance will not be paid unless the report is submitted by Friday" magana ce ta sharaɗi: wanda Juma'a ta wuce shi ya yi asara. Mai rubutu ne ya kamata ya san wacce yake nufi tun kafin ya ɗora alƙalami, domin jami'in kuɗi abin da ke kan takarda zai bi.

Haka kuma "unless" tana ɗauke da korewa a cikinta, ma'anarta "idan ba". Wanda ya ƙara mata "not" ya juya maganarsa. "Officers will not be promoted unless they pass the examination" daidai ne. Amma "unless they do not pass" ta koma cewa waɗanda suka faɗi jarrabawa kaɗai za a ƙara wa girma.

Na uku shi ne "ko da yake". Hausa ta yarda a ce "ko da yake an saki kuɗin, amma ba a fara aikin ba", kuma babu wanda zai ji wani abu. Turanci bai yarda da haɗa "although" da "but" a jimla ɗaya ba, domin ɗaya na mayar da ganga bara, ɗayan na nuna su biyun tsara ne. Ko dai a ce "Although the funds were released, work has not started", ko a ce "The funds were released, but work has not started". Kusa da wannan akwai "despite", wadda ba mahaɗi ba ce, suna take bi ba ganga ba. Ana cewa "despite the delay", ba a cewa "despite the file was delayed".

Na huɗu shi ne lokacin aikatau. Bayan "when", "before", "after", "until" da "as soon as", idan ana maganar abin da zai zo nan gaba, Turanci ba ya amfani da "will" a ganga dogarau. "When the committee meets, it will consider the request" ita ce madaidaiciya, "when the committee will meet" kuskure ce a wannan gurbi. Hausa kuma kan yi amfani da sigar abin da ya wuce, "idan kwamiti ya zauna", shi ya sa wasu kan rubuta "when the committee met", sai mai karatu ya ɗauka an riga an yi zaman.

Kalmomi masu fuska biyu

Wasu mahaɗan ba kuskure ne amfani da su ba, amma suna da ma'ana fiye da ɗaya, kuma takardar ofis ba ta son harshen damo. "Since" na nufin "tun daga lokacin da", tana kuma nufin "tunda". Jimlar "Since the new director assumed office, three files have gone missing" tana iya zama lissafin lokaci kawai, tana kuma iya zama zargi. Idan dalili ake nufi, "because" ta fi tsabta. Idan lokaci ake nufi, gara a faɗi watan da shekarar, don kada a shafa wa wani kashin kaji ba da niyya ba. Haka "while" take, tana nufin "yayin da", tana nufin "alhali". "As" ta fi su duka santsi, domin tana ɗaukar lokaci da dalili da kwatanci.

Akwai kuma "in case", wadda da yawa ke ɗauka daidai take da "if". Ma'anarta ta fi kusa da "saboda ko-ta-kwana". "Print the list in case the network fails" na nufin a buga jerin tun yanzu, gudun kada intanet ya ɗauke. "Print the list if the network fails" na nufin a dakata sai ya ɗauke, lokacin da wataƙila buga jerin ba zai yiwu ba.

A harshen doka, "where" kan bar ma'anarta ta wuri ta zama "idan". Sashe na 58 na kundin ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu a kan ƙudiri ko ya bayyana ƙin amincewarsa, sannan ya buɗe ƙaramin sashe na gaba da "where": idan ya ƙi, majalisun biyu kuma suka sake zartar da ƙudirin da kashi biyu bisa uku, ya zama doka ba tare da hannunsa ba. Ta wannan ƙofa dokar kafa Hukumar Raya Yankin Neja Delta ta fito a 2000, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Ita kuwa "provided that", takwarar "muddin" ko "bisa sharaɗin", takan zo a ƙarshen sakin layi ta rage abin da aka bayar a farkonsa. Ma'aikacin da ya karanta rabin farko na wata ƙa'ida ya ga an ba shi haƙƙi, bai kamata ya yi murna ba sai ya kai ƙarshenta.

Ƙa'idar ritaya da kowa ya haddace ma misali ce ta ganga dogarau mai yanke hukunci. Shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, sannan a biyo da "whichever is earlier", wato duk wadda ta riga zuwa. Ba don wannan 'yar wutsiya ba, da wanda ya fara aiki yana da shekara 22 ya samu hujjar zama har 60. Da ita, yana da shekara 57 zai tattara nasa ya nasa.

Wa aka sa a gaba, wa aka sa a baya

Bayan daidai da kuskure, akwai batun adalci. Tunda ganga tsayayya ce ke ɗaukar nauyin magana, mai rubutu na iya karkata hukunci ba tare da ya faɗi ƙarya ko ɗaya ba. A ɗauki ma'aikacin da aka ba takardar tuhuma kan rashin zuwa aiki. Jami'in da ke rubuta bayani a fayil zai iya cewa "Although the officer was absent for ten days, he submitted a medical report". Zai kuma iya cewa "Although he submitted a medical report, the officer was absent for ten days". Gaskiyar da ke cikin jimlolin guda ce. Ta farko ta wanke shi, ta biyu ta kama shi. Babban sakataren da ke da tarin fayil a gabansa sau da yawa ganga tsayayya zai riƙe, a kanta zai rubuta umarninsa.

Wannan iko ne da ke hannun ƙananan jami'ai da hadimai, waɗanda sunansu ba ya fitowa a ƙarƙashin wasiƙa amma su ne suka tsara ta. Sanin sa na da amfani ta fuska biyu: mai rubutu ya san lokacin da yake karkata ma'auni, mai karatu kuma ya gane lokacin da aka karkata masa shi. Kundin Tsarin Mulki kansa ya nuna yadda kalma ɗaya ke kare mutum, inda sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi "until" an tabbatar da laifin nasa.

Alamomin rubutu ma na da nasu rabo. Idan ganga dogarau ce ta buɗe jimla, ana sa waƙafi a ƙarshenta kafin a shiga tsayayya. Idan a baya ta zo, galibi ba a buƙatarsa. Ba a kuma barinta ita kaɗai tsakanin aya da aya. "Because the vote has been exhausted." ba jimla ba ce, bara ne da ya fito ba ubangida, kuma mai karatu zai tsaya yana jiran abin da ƙarewar kuɗin ta haifar.

Hanyar kauce wa yawancin wannan ba ta da wuya. Kafin takarda ta bar tebur, mai ita ya nemo kowane mahaɗin dogaro da ke cikinta, ya rufe gangar da ke biye da shi da yatsa, ya karanta abin da ya rage. Abin da ya rage shi ne ainihin abin da takardar ta umarta ko ta alƙawarta. Idan aikin da ake so a yi yana ƙarƙashin yatsan, to ba a umarci kowa da shi ba. Sannan ya tambayi kansa: idan sharaɗin nan bai cika ba, me takardar ta ce a yi? Wannan tambaya ce masu rubuta sashe na 145 ba su amsa ba sai da ƙasa ta shafe kwana 78 tana jira.

'When' da ba ta iso ba

Akwai wata ganga dogarau a kundin da ta shafi masu magana da Hausa kai tsaye. Sashe na 55 ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci, sannan ya biyo da "when adequate arrangements have been made", wato lokacin da aka yi isasshen tanadi. Tanadin ya samo asali ne tun daga kundin 1979. Masu rubutawa sun zaɓi "when" mai nuna tabbas, amma ba su faɗi wanda zai yi tanadin ba, ba su kuma sa masa rana ba. Sama da shekara 40 ke nan, da Turanci ake zaman majalisun biyu.

Sashe na 97, wanda ya shafi majalisun jihohi, an gina shi da wani tsari dabam: ya bar wa kowace majalisa ikon ƙara harshen jiharta ta hanyar ƙudirin da ita da kanta za ta zartar. Da yake an ambaci mai aikin da hanyar yin sa, Majalisar Dokokin Jihar Legas ta yi amfani da damar, ta ware ranar Alhamis don zama da Yarbanci.

Sassan biyu buri ɗaya suke da shi, ginin jimlarsu ne ya raba makomarsu. Ɗaya ya ba wani mutum sananne aiki, ɗayan ya rataya haƙƙi a kan sharaɗin da ba shi da mai shi. Ire-iren wannan sharaɗi suna nan birjik a takardun da ke yawo tsakanin ma'aikatu, a cikin "when funds are available" da "as soon as approval is obtained", kuma a bayan kowannensu akwai ɗan fansho ko ɗan kwangila ko ƙaramin ma'aikaci da ke ƙirga watanni. Jami'in da ya rubuta irin wannan ganga ya kuma ƙara wanda zai cika sharaɗin da ranar da zai cika shi, ya rage wa wani bawan Allah zaman jiran gawon shanu.